Kofin Baba Tankari

Shekaranjiya jikana Nasiru ya zo mini da abokansa biyu, wai za su buɗe wurin shan lemu a unguwar Koira Kano ta nan Yamai, sun zo in sa musu albarka. Na tambaye su me suka tanada, suka ce firji biyu, injin markaɗe, da fitilu masu canja launi. Na ce to wa zai riƙa haɗawa? Suka dubi juna suka yi dariya, ɗayansu ya ce, "Baba, ai haɗawar ba wani abu ba ne, a waya ma ana koyo." Na sa musu albarkar, don ba a hana yaro albarka. Amma tun da suka fita maganar take cina, shi ya sa na zauna nake rubuta wannan. Ko su karanta ko kada su karanta, ni dai na sauke nauyi.

Ni Bakano ne, ɗan Fagge, amma a Jos na koyi aikin nan, a wani otel da Turawan kuza suke sauka. Maigidana sunansa Baba Yohanna, wani gajeren dattijo ɗan Angas, hannunsa da laushi, bakinsa kuwa babu. Shekarata ta farko ban taɓa kwalba ba, kofuna kawai nake wankewa. Yakan ɗauki kofin da na wanke ya ɗaga shi saitin taga, in ya ga ko shatin ɗan yatsa sai ya tsoma shi cikin ruwan wanki ya miƙo mini, ko kallona ba ya yi. A shekara ta biyu ya ba ni wuƙa da kwandon lemon tsami. Sai na fere bawon lemo ya fito dogo guda ɗaya bai tsinke ba, kuma babu farin nan na ciki mai ɗaci. Na ɓata lemon da zai ishi unguwa kafin hannuna ya zauna.

Sai a shekara ta uku ya miƙo mini gwangwanin girgiza. Na farin ƙarfe ne mai murfi biyu, ciki ake zuba kayan haɗi da ƙanƙara a kaɗa. Ku kuna ganin kaɗawar kwalliya ce, don mai kallo ya ce an iya. To, ba haka ba ne. Da ka fara, ƙanƙarar tana ƙara kamar tsakuwa a gwangwani. Can sai ƙarar ta yi laushi, bayan gwangwanin ya yi raɓa, tafin hannunka ya fara zafi don sanyi. A nan ake tsayawa. Ka ƙara kaɗawa uku, ka mai da abin mutane ruwa. Ka rage uku, zaƙin yana gefe, tsamin yana gefe, ba su gaisa ba. Baba Yohanna yakan juya mini baya yana goge kwalabe, ya ce da kunne zai san ko na yi daidai, kuma bai taɓa kuskurewa ba.

Ba zan ɓoye muku ba, abin da ake haɗawa a otel ɗin giya ce. Ban taɓa kai ta bakina ba, da hanci nake aiki, Baba Yohanna ne yake ɗanɗanawa. Duk da haka mahaifiyata ba ta taɓa karɓar ko sabulun da na sayo mata daga albashin wurin ba. Saboda haka tun ina can na ƙudura cewa ran da na samu wurin kaina zan bar giyar, in riƙe hannun. Ai tsamiya ma tana da tsami, zuma tana da zaƙi, citta tana da yaji, kuma ma'aunin duk ɗaya ne.

Wani direban babbar mota ne ya yi mini maganar Yamai. Ya ce gari ne mai zafin da ke narka kwalta, cike da malaman makaranta da ma'aikatan gwamnati 'yan Maraɗi da Damagaram da Tawa, in sun tashi aiki ba su da wurin zama sai teburin mai shayi ko gidan giya. Lokacin sojoji ba su daɗe da karɓar mulki ba, ƙasar tana farfaɗowa daga babban fari. Na iso da akwatin ƙarfe guda. A ciki akwai gwangwanin da Baba Yohanna ya ba ni kyautar sallama, da ma'auni, da dogon cokali, da mataci, da tsinken fasa ƙanƙara, da kwalabe goma sha biyu da na tsinto a bayan otel. Kwalaben giya ne da aka shanye. Na wanke su tas, amma ban damu in kankare takardun jikinsu ba. Abin da nake so da su shi ne siririn bakinsu, don suna zuba ruwan zaƙi kamar zare, ba sa ɓari.

A unguwar Zongo na samu ɗaki mai ƙofa a bakin titi, da bishiyar dogon yaro a gabansa. Mai gidan wata Bazabarma ce, Inna Gambi, mijinta ya rasu, ƙatuwar mace mai murya ɗaya da ta maza. Hausarta ta kasuwa ce, namiji da mace duk ɗaya ne a bakinta. Da ta ga kwalaben sai ta riƙe ƙugu.

"Kai ɗan Kano, nan gida giya babu. Ka ji ko ba ta ji ba?"

Na ce na ji, Inna. Na dama mata tsamiya da zuma, na yanka lemo na laƙa a bakin kofi. Ta sha, ta lashe leɓe, ta cire yankin lemon ta jefar, ta ce wannan na wasan yara ne, amma na cikin kofin ba laifi. Ta ba ni ɗakin.

Aikin kowace rana da ƙanƙara yake farawa, wadda mutanen Yamai suke kira galas. Ba ni da firji, kuma ko ina da shi wutar ba abin dogara ba ce. Da an idar da sallar asuba sai in tura amalanke zuwa inda ake yin ta, in karɓo dunƙule guda mai tsawon hannu, in naɗe shi da buhu, in dawo da sauri kafin rana ta ɗaga. Na haƙa rami a ƙuryar ɗaki na cika shi da ƙaiƙayin shinkafa da nake samowa daga Saga, wani ƙauye a bakin gulbi, ciki nake binne ta. Wanda ya iya binnewa, ƙanƙararsa tana kai shi magariba. Wanda bai iya ba, kafin la'asar yana sayar da ruwan ɗumi. Fasawa ma da iliminta. Ba a sara ta kamar itace. Ana bin jijiyarta da tsinke, a ɗan taɓa nan a taɓa can, sai ta rabe da kanta daidai girman da kake so. Daga Saga ɗin kuma nake kawo lemon tsami da na'ana'a da gwaiba, wurin wani mai lambu da ba ya jin Hausa, ni kuma ba na jin Zabarmanci. Shekara biyu da yatsu muka yi ciniki, ba mu taɓa saɓawa ba.

Kwana tara na yi ina goge kofuna ba wanda ya shigo. Masu wucewa sukan leƙo, su ga kwalabe ja da kore da rawaya a jere, su yi a'uzubillahi su wuce. Rana ta goma wani siririn mutum ya tsaya a ƙofa, rigarsa duk farin alli, da jaka a hammata. Malamin makaranta ne, wanda a nan ake ce wa mushe. Sunansa Mushe Alasan, mutumin Tawa.

"An ce min ba giya kaka saidawa ba," in ji shi. "In gaskiya ne, ba ni abin da za ya wanke min alli daga maƙoshi."

Na jiƙa tsamiya, na tace, na sa zuma rabin ma'auni, na goga citta kaɗan, na matse lemo, na kaɗa. Ya sha rabi ya ajiye, sannan ya ce in rufe ƙofa kada wani ya zo ya shanye masa sauran. Washegari ya zo da malamai huɗu. Daga nan ban sake zama ba.

Wurin zama irin wannan, abin sha rabin aikin ne. Sauran rabin mutane ne. Sai ka san wanda ke son a tanka masa da wanda ke son a ƙyale shi. Akwai wani ma'aikacin gidan waya ɗan Maraɗi, zoɓo yake sha ba sukari, kuma in ka tambaye shi me zai sha ya ɓata rai, don a ganinsa ya kamata ka sani. Akwai Damagarawa uku da suka mai da ni abin tsokanarsu, ba sa kirana sai "bawanmu Bakano", su ce ma'aunina ƙarami ne don kakannina da rowa aka san su. Ni kuma in ce musu da an bar su da ma'auni da sun cinye shi sun zaci alkaki ne. Ɗaliban jami'a kuwa su zo su biyar su ce a ba su kofi biyu, in ƙara musu ƙanƙara in yi kamar ban gani ba.

Zamanin soja ne, kowa yana magana yana waige. An san akwai masu kai rahoto, ba a dai san su wane ne ba. Ni baƙo ne, takardar zama nake riƙe da ita, saboda haka ban taɓa cewa kowa ya yi shiru ba, ban kuma taɓa tsoma baki ba. Dabarata ɗaya ce. Da na ji hira ta doshi gidan gwamnati, sai in zuba ƙanƙara zalla a gwangwani in yi ta kaɗawa da ƙarfi har ba mai jin wani. Tun ba su gane ba har suka gane. In wani ya fara zafi sai ka ji an ce, "Bari, kada Bakano ya ɓarnatar da galas ɗinsa a kanka." A yi dariya a koma maganar ƙwallo. Da wannan na zauna lafiya shekara da shekaru.

Sai fari ya dawo. Damina ta zo ta wuce kamar ba ta zo ba. Gulbi ya ja baya har yara suna tsallake shi da ƙafa, mai lambuna na Saga ya nuna mini itatuwan lemonsa sun zama ƙirare, ya buɗe hannuwa. A daidai lokacin aka rufe iyakar Najeriya, cittar da ake kawo mini daga kudancin Kaduna ta yanke. Na koma dafa goruba da magarya ina fitar da ruwan zaƙinsu, kuma wallahi na goruban nan da ɗan tsamiya ba ya jin kunya a gaban kowane haɗi. Abokan cinikina suka ragu, don gidan kowane ma'aikaci ya cika da dangi daga ƙauye. Mutanen da fari ya koro suka yi sansani a bayan gari, mata da yara da tsofaffi, wasu da ragowar akuya ɗaya.

Abin da ya fi damuna ba kayan haɗi ba ne. A wannan lokaci ne aka koro 'yan Nijar da yawa daga Najeriya, suka dawo da tabarma da buta, suna ba da labarin wulaƙancin da suka sha. Ba wanda ya ce mini komai a fuska, amma gaisuwar wasu ta gajarce. Inna Gambi ta ce mini, "Ka zauna shiru, ka yi aikinka. Yanzu ƙaramin laifi naka babba ne." Na san gaskiya ta faɗa. Kuskure guda ya isa a karɓe takardata a ɗora ni a mota, in bar ɗakin nan da duk abin da na gina a cikinsa.

Wata ranar Alhamis, bayan azahar, zafi kamar a soya ƙwai a ƙasa, Mushe Alasan ya shigo riƙe da jakar wani dattijo. Dogo ne, da babban rawani, rigarsa shuɗiya wankakkiya. Mushe ya ce wan mahaifinsa ne, Baba Tankari, yanzu ya ɗauko shi daga tasha, daga can ƙasar Adar, wajen Tawa. Na sha jin sunan a bakinsa. Shi ne mai rumbuna a garinsu, wanda duk baƙon da ya sauka a gidansa ake kai shi. Mushe ya zaunar da shi a kujerar da ke kusa da ni, ya ce zai je ya nemo taksi, yanzu zai dawo.

Na dubi rawanin, na dubi rigar, na ce yau babban baƙo ya shigo mini. Ban dubi wuyansa ba, ban dubi yadda rigar take lilo a kafaɗunsa ba. Ina da ɗan guntun citta da na ɓoye a cikin tsumma tun kafin a rufe iyaka, ina tanadinsa don rana ta musamman. Na ɗauko shi na goge duka. Na sa tsamiya, na cika ma'auni da zuma har ya tumbatsa, na matse lemona na ƙarshe bayan na fere bawonsa. Na ɗauki kofin da ya fi kowanne girma na shaƙe shi da ƙanƙara. Ban taɓa yin kaɗawar da ta fi ta ranar kyau ba. Na naɗa bawon lemon a bakin kofi, na ɗora a faranti, na kai masa da hannu biyu, na rusuna na ce, "Sannu da zuwa, Baba."

Ya daɗe yana kallon kofin, sanyi yana tashi daga bakinsa kamar hayaƙi. Sannan ya dube ni. Ya yi bisimilla, ya kafa kai, bai sauke ba sai da ƙanƙara ta taɓa leɓensa. Ya ce, "Madalla, ɗiyana." Na koma ina ɗauraye gwangwani ina jin daɗin kaina.

Ban gama ɗaurayewa ba na ji kujera ta faɗi. Dattijon yana ƙasa ya naɗe, ya riƙe ciki da hannu biyu, gumi yana keto masa. Ya yi amai, kuma abin da ya fito abin da na ba shi ne kawai, babu ko ƙwayar hatsi a ciki. Rawanin ya warware, na ga wuyan da ban duba ba. Na ƙwala wa Inna Gambi kira. Ta fito da gudu, ta durƙusa ta ɗora hannu a cikinsa, ta ɗaga fatar idonsa, ta dubi kofin, sannan ta dube ni.

"Galas ka ba shi? Mutum yunwa ya cinye, kai ka ba shi galas da zuma? Kai mahaukaci ne?"

Kafin Mushe ya dawo da taksi dattijon ya sume. Da taksin aka wuce da shi asibiti. Jama'a suka cika ƙofa, kuma ban san bakin wa ya fara ba, sai na ji ana cewa ɗan Najeriya ya ba tsoho giya, wasu suna cewa magani ya zuba masa. 'Yan sanda suka zo. Babbansu ya ɗauki kwalba ɗaya ya karanta takardar jikinta da ƙarfi, jama'a suka ɗauki salati. Aka kwashe kwalaben a kwali, aka garƙame ƙofata da kwaɗo, aka tasa ƙeyata zuwa kwamisariya, wato ofishinsu.

Wanda aka kai ni gabansa wani ajidan ne, wato mai muƙami a cikinsu, mai furfura a gashin baki, ba ya ɗaga murya. Ya jera kwalaben a tebur, ya ce tunda na ce ba komai a ciki, in sha daga kowace. Ku da ba ku taɓa shan ruwan zaƙi tsagwaronsa ba, ba ku san azaba ba. Na sha na zoɓo, na sha na goruba, na gwaiba, na na'ana'a, har goma sha biyu, haƙorana suna tsami, 'yan sanda suna leƙe ta taga suna jira in faɗi ko in fara waƙa. Ban yi ko ɗaya ba. Ajidan ya shinshina kwalaben da kansa ya ture su gefe.

"Giya babu, na yarda," in ji shi. "Amma mutum ya shigo wurinka da ƙafarsa, an fitar da shi a hannu. In ya tashi, mu ji daga bakinsa. In bai tashi ba, ba ni da buƙatar giya. Za ka yi zaman kaso, in ka fito mota ta kai ka iyaka."

Ya buɗe aljihun tebur ya jefa makullina da takardar zamana. Ya ce kullum in zo da safe in zauna a benci har yamma.

Kwana huɗu na yi a bencin nan. Na ji tsoro, kuma na ji kunyar da ta fi tsoron. Mushe Alasan ya zo sau biyu ana yi masa tambayoyi, ya wuce ta gabana bai gaishe ni ba, ban kuma ga laifinsa ba. Inna Gambi ce take kai kunu asibiti sau uku a rana, don ta ce ba ta yarda da hannun kowa ba. In ta dawo sai ta biyo ta ajiye mini kwanon shinkafa, ta zauna a gefena ta dasa faɗa daga inda ta tsaya jiya.

A bencin nan na koyi abin da Baba Yohanna bai koya mini ba, don a otel ɗinsa ba a taɓa shigowa da yunwa ba. Ku saurara, don wannan ba ya cikin wayarku. Inna ta ce mai yunwar gaske ba ya roƙo, ba ya rawar jiki, musamman in babban mutum ne. Sai ka duba leɓensa, ka duba ƙashin wuyansa, ka duba ko zoben hannunsa yana yawo a yatsa, ka duba yadda yake zama a hankali kamar mai tsoron karyewa. In ka ga haka, ruwan randa za ka fara ba shi, rabin kofi, ya kurɓa kaɗan kaɗan. Bayan an jima a ba shi kunu mai ruwa-ruwa, da ɗuminsa, da cokali. Ba zuma, ba yaji, ba sanyi, sai cikin ya tuna aikinsa. Kuma ba a tambayarsa ko ya ci abinci, don zai ce ya ci. Sai ka ce kai ne ba ka karya ba, ya taimaka ya taya ka. Na ce Inna, ina kika koyi wannan? Ta ce a farin farko, kuma ba da littafi ba, da mutanen da suka binne.

Tun daga lokacin ban sake miƙa wa baƙon fuska kofi ba sai na dube shi daga wuya zuwa yatsu. Shi yakan ɗauka gaisuwa nake ja, alhali aiki nake yi.

Rana ta biyar da hantsi taksi ya tsaya a ƙofar kwamisariya. Mushe Alasan ya fito, ya kamo Baba Tankari. An naɗa masa rawaninsa daidai, yana takawa da sanda. Ashe tun daren jiya ya farfaɗo sosai, da ya ji an rufe ni ya ce sai an kawo shi, likita ya hana, ya ce shi ba izini yake nema ba. Aka ba shi kujera a gaban ajidan, aka kira ni na tsaya a gefe.

"Baba," in ji ajidan, "wannan mutum me ya ba ka?"

"Abin da ya hi daɗi cikin duk abin da na taɓa sha."

"Ka san ya kusa kashe ka?"

"Shi bai sani ba," in ji dattijon. "Ni na sani. Kwana ukku ban sa komi ga bakina ba. Ɗan abin da munka samu bisa hanya, yara na ba. Ko Alasan ban gaya mishi ba. Na san cikin da ya kwana ukku hakanan ba ya ɗaukar sanyi, don na gani da idona garinmu. Tun da na ga kofin nan shina hayaƙi na san abin da za ya yi min."

Ajidan ya ajiye biro. "To don me ka sha?"

Baba Tankari ya gyara riƙon sandarsa.

"Tun da na baro gida, duk inda munka tsaya an ba mu, Allah shi saka. Amma da hannu guda anka miƙo, ana kallon wani wuri. Wanga yaro ya ɗauko faranti, ya rusuna, ya ce min sannu da zuwa. Har ado ya yi ma bakin kofin. Ni da na tsufa ina saukar baƙi, ban taɓa ganin wanda ya maido min ƙwarya cike ba. Shi kenan sai ni in maida mishi kofinshi, in ce yunwa nike ji? A'a. In da laihi, nawa ne. A buɗe mishi ɗakinshi."

Mushe Alasan ya juya fuska bango. Ni kuwa na kasa ɗaga kai, idona ya cika, ban kuma damu da 'yan sandan da ke kallona ba. Ajidan ya jawo aljihun tebur, ya turo mini makulli da takardata.

"Je ka buɗe," ya ce. "Ka kankare takardun kwalaben nan kafin in sake ganinsu."

Dattijon ya miƙo mini hannu in tashe shi. Na kama shi, ba shi da nauyin da ya wuce na damin kara. Da ya miƙe sai ya jingina a kafaɗata, ya kawo bakinsa kusa da kunnena.

"Ɗiyana," ya ce, "ka aje min wani irin wancan. Amma bari in yi kwana goma ina cin tuwo tukuna."